Kafin ki sayi man "oganik": amsoshin tambayoyin da kuke yawan yi min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a sana'ar gyaran jiki, dilka da halawa da ƙunshin amare, ina kuma saro man kaɗe da sabulun salo ina sayarwa, kuma tambayoyin da mata suke min kusan iri ɗaya ne, yau wannan ta tambaya gobe ƙawarta ta dawo da ita. Shi yasa na ce bari in zauna in tattaro su wuri guda. Wasu amsoshin sun yi tsawo, ku yi haƙuri, maganar fata ce kuma na ga abubuwa da idona.

Anti wai mene ne ma oganik ɗin nan da kowa yake faɗa?

Asalinta fa kalmar manoma ce. Abin da aka noma ba takin zamani, ba feshin maganin ƙwari na kanti, ba irin da aka sauya wa halitta, shi ake kira oganik. To man shafawa na oganik shi ne wanda aka haɗa da mayuka da tsirrai da aka noma ta wannan hanyar. A Amurka kafin a buga wa kaya hatimin USDA Organic sai kashi 95 cikin 100 na kayan haɗin sun zama haka, ban da ruwa da gishiri, in kashi 70 ne kawai to iyakarsu su rubuta an haɗa da kayan oganik, hatimin kam ba za su samu ba. A Turai akwai ƙa'idar COSMOS wadda ƙungiyoyi irin su Ecocert ta Faransa da Soil Association ta Ingila suke tantancewa da ita, su kuma sun yarda da kashi 20 na dukkan abin da ke cikin robar, ko kashi 10 in abin wankewa ne kamar shamfu, saboda yawancin kirim ruwa ne ya fi yawa a ciki kuma ruwa ba noma shi ake ba.

Kin ga duk a cikin bayanin nan babu inda aka yi maganar hasken fata. Mu ne a nan kalmar ta sauya mana ma'ana, yanzu in mace ta ce "oganik nake shafawa" sau tari abin da take nufi haɗi ne da wata ta dama a ɗakinta ta ɗura a roba ta liƙa sitika mai hoton ganye.

Wata mai sayarwa a Instagram ta ce nata zalla ganye ne kuma zai haska ni cikin sati ɗaya. In saya?

Kar ki saya 'yar'uwa, don girman Allah. Fatar mutum tana ɗaukar kamar sati huɗu kafin ta sabunta kanta, kuma babu karas ko gwanda ko kurkum ɗin da zai sauya miki launi a kwana bakwai. Duk man da ya yi wannan saurin akwai ɗaya daga cikin abu uku a cikinsa, wani lokacin ma duka ukun.

Na farko sitiroyid, irin mayukan tiyub ɗin nan da likita yake rubutawa don ƙaiƙayi da kumburin fata mai tsanani a shafa na ɗan lokaci a daina, in kin duba jikin tiyub za ki ga Clobetasol ko Betamethasone. Masu haɗi sai su matse tiyub biyar shida a cikin loshan su juya. Na biyu Hydroquinone, wanda NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa, Tarayyar Turai kuwa ta cire shi daga mayukan kwalliya tun 2001, Gana ma ta hana shigo da shi a 2016. Na uku makuri, zaiba kenan, wanda yake bi ta fata ya shiga jini ya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, kuma ba mai shafawar kaɗai ba, har yaron da take goyo da mijin da suke tawul ɗaya.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana. An kawo min wata amarya saura kwana goma biki, yarinya ƙarama, mamanta ce ta kawo ta a yi mata dilka da halawa. Tana cire hijabi na ga damtsenta jijiyoyi kore shar a fili kamar an zana da biro, ga nankarwa ja mai faɗi a hammata da cinya alhali ko auren fari ba ta yi ba balle haihuwa, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin sauran hannun fari fat. Na ɗan ɗora halawa a ƙaurinta don in gwada, ina ja sai ga saman fatar ya biyo, wurin ya yi jajir yana tsatstsafo da ruwa. Na tsaya cak. Na ce me kike shafawa, ta ciro wata farar roba a jaka, ba sunan kamfani ba jerin kayan haɗi ba komai sai lambar waya, ta ce "Anti ai oganik ne, wata takwas ina shafawa." Wallahi mamanta sai da ta yi hawaye. Ban yi mata halawar ba, na ce su wuce wajen likitan fata tukuna.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man bilicin, a 2023 kuma NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mata da yawa sun gane bilicin ba kyau sun gudu, sai aka sauya masa suna aka tare su a gaba.

Ta yaya zan gane man da nake shafawa yanzu yana da irin waɗannan abubuwan?

Jikinki zai gaya miki. Haske da sauri, fuska ta riƙa ja da raɗaɗi in kin shiga rana ko kin tsaya gaban murhu, jijiyoyi su fito, gashi ya fara tsirowa a haɓa da gefen fuska, ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya su feso, ciwo ƙarami ya ƙi warkewa, makero da kyasbi su riƙa dawowa. Babbar alama kuma ita ce in kin daina kwana uku huɗu sai fatar ta rikice da ƙaiƙayi da duhu har sai kin koma. Masu Hydroquinone na dogon lokaci su kuma sai kumatu da gefen ido su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da gurzi-gurzi, wanda mata suke cewa sanbon, kuma irin wannan yana da wuyar fita sosai.

Daga robar ma za ki iya zargi: in mai sayarwa ta ce a ajiye a firij ko a ɓoye daga haske don kar ya yi ruwan ƙasa, in ta ce kar ki shiga rana ko kaɗan, in ta haɗa miki da wani "man gaɓoɓi" daban tun kafin gaɓoɓin su yi baƙi, to ta san abin da ta zuba.

Na gane nawa irin shi ne. In watsar yau yau?

In kwanan nan kika fara, eh ki daina kawai. Amma in kin yi watanni ko shekaru kina shafe duk jiki da mai sitiroyid, ki je asibiti, don jiki ya saba karɓarsa daga waje, yankewa lokaci ɗaya yana iya kwantar da mutum. Likita zai tsara miki yadda za ki rage a hankali ya kuma auna hawan jini da suga saboda sitiroyid yana tayar da su. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin fata. Ki tafi da robar a hannunki kar ki ji kunya, sun saba gani. Kuma ki shirya ranki, za ki yi duhu fiye da da na wani lokaci, mutane za su yi ta tambaya ko lafiya, ki daure, watanni ne fatar za ta daidaita.

Ban iya karanta rubutun bayan roba ba, duk sunaye ne masu wuya.

Ba sai kin san duka ba. Ƙa'idar ita ce ana jera kayan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi kaɗan, don haka biyar ɗin farko su ne man, sauran cikon benci ne. In an zana ƙaton hoton kaɗanya a gaba amma kika ga Butyrospermum Parkii, wato sunan man kaɗe a rubuce, can ƙarshen layi bayan turare, to ɗan lakuta aka saka don talla. Aqua ruwa ne. Parfum ko Fragrance turare ne, masu saurin ƙaiƙayi su kiyaye shi. Ki duba sunan kamfani da adireshi, lambar NAFDAC, ranar da aka yi da ranar lalacewa. Akwai kuma ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 6M ko 12M a ciki, ma'anarsa watannin da zai yi da kyau bayan kin buɗe.

Wanda ba shi da jerin kayan haɗi kwata-kwata, kika tambaya aka ce "sirrin sana'a ne", ki ajiye mata kayanta.

Yaya ake gane man kaɗe mai kyau?

Yawwa, nan ne wajena. Man kaɗe ɗanye wanda ba a tace a masana'anta ba launinsa ruwan madara ne zuwa rawaya-rawaya mara ƙarfi, wani har da ɗan toka-toka, yana da ƙanshinsa na gyaɗa-gyaɗa da ɗan hayaƙi saboda suyar da ake wa ƙwallon kafin a niƙa. Ki lakuto kaɗan ki murza a tafin hannu, zai narke da ɗumin jikinki ya bi fata. In kin ji ɗan tsaki-tsaki kamar gari ba matsala ba ce, narkewa ya yi a zafi ya sake daskarewa a hankali. Wanda ya yi fari tas ba ƙanshi tacacce ne, yana laushin fata shi ma kuma ya fi dacewa da wadda ba ta son warin. Mai rawaya sosai ɗin nan da ake kawowa daga Gana saiwar wani itace ake dafa shi da ita, wasu kuma manja suke ɗigawa don ya yi kala. Abin gudu shi ne mai warin tsami ko warin tsohon mai, mai baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna, ko wanda kika narka kika ga ruwa da datti sun kwanta a ƙasa da yawa.

Wani abu da nake so mu gane, itacen kaɗanya yawanci ba shuka shi ake a gona ana masa feshi ba, a daji da gonaki yake fitowa da kansa, mata ne suke tsintar ƙwallon da damina a Neja da Kwara da Kebbi da arewacin Gana su dafa su shanya su daka. Babu hatimin Turai a jikinsa don hatimi kuɗi ake biya, amma shi ne dai wanda kamfanonin waje suke saye su zuba kaɗan a kirim su dawo mana da shi da tsada.

Sabulun salo fa, zan iya wanke fuska da shi kullum?

Da toka ake yinsa, ta ɓawon koko ko ɓawon ayaba, da man alayyadi ko man kaɗe, shi yasa yake da kaifi. Fatarmu ɗan tsami-tsami gare ta, shi kuma ɓangaren kanwa yake, to in mai maiƙon fuska ce ke sau ɗaya a rana ya isa, in mai bushewa ce sau biyu ko uku a sati, lokacin hunturu ma ki rage. Ki yi kumfa a hannu ki shafa kumfar, kar ki goga dunƙulen a fuska yana yanka. Kuma ki yi hattara da "haɗaɗɗen sabulu" mai kala-kala da ake cewa na amare, sau da yawa an zuba masa garin bilicin da ruwan bilicin na 'yan kwalabe.

Ina neman wanda babu kemikal ko ɗaya, ba abin hana lalacewa.

In mai ne zalla, man kaɗe, man kwakwa, man zogale, man riɗi, man kuka, wannan ba ya buƙatar komai, ki dai rufe ki ajiye a inuwa kar ki sa jiƙaƙƙen hannu. Amma duk abin da ruwa ya shiga, loshan ko kirim ko ruwan alobera, in ba a sa abin hana lalacewa ba kwana kaɗan ƙwayoyin cuta za su cika shi a zafin garin nan tun kafin ido ya gani, kamar dai kunun da ya kwana. Don haka in kin ga Phenoxyethanol ko Sodium Benzoate ko Potassium Sorbate a ƙarshen layi kar ki tsorata, kare ki suke. Haɗin da kika yi a gida da madara ko zuma ko kokumba, ki yi na yau ki ƙarar yau.

Lemon tsami da kurkum da bakin soda da nake gani a bidiyo?

Kurkum ba laifi, sai dai ya bar miki rawaya a fata da zani. Lemon tsami kam a'a, in kin shafa kika fita rana yana ƙona fata ya bar tabon da ya fi wanda kike son cirewa, na ga mata da yawa da shatin yatsu a kumatu saboda shi. Bakin soda, man goge baki, ɗanyar tafarnuwa a kan ƙurji, duk suna ƙuna. Mayuka masu ƙarfin ƙanshi na 'yan ƙananan kwalabe irin man kanumfari da na na'a-na'a ba a shafa su zalla, ɗigo ɗaya biyu ake sawa a cokalin wani mai. Man kwakwa yana da kyau a jiki da gashi amma yana toshe fuskar masu ƙuraje. Kowane sabon abu ki fara gwadawa a cikin damtse ko bayan kunne ki jira kwana biyu, ko da kakarki ce ta haɗa.

Lalle ai ganye ne, shi ma akwai matsala?

Jan lalle na gargajiya, garin ganye da ake kwaɓawa a ƙunsa ya kwana, lafiya lau ne ga yawancin mutane. Baƙin ne abin tsoro. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi wuluk cikin minti ashirin, dayis ɗin rina gashi ne yake yin haka, akwai sinadarin PPD a cikinsa, kuma wasu yana tayar musu da bororo daidai shatin zanen, fulawa ta koma ciwo ta bar tabo, daga nan kuma jiki ya riƙe abin, duk ranar da ta rina gashi sai kai da fuska su kumbura. Ni amaryar da ba ta taɓa yi ba sai na ɗiga mata kaɗan kwana biyu kafin ranar ƙunshi, kuma ba na yi wa yara baƙi ko uwar ta roƙa. Jarirai ma ko jan kar a sa musu, akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, ya fi yawa a maza kuma akwai shi sosai a ƙasar nan, lalle yana iya fasa musu jini su yi shawara.

Kwalli fa? Tun kakanni ake sawa.

Na sani, ni ma da shi na tashi, kuma wannan amsar ba ta min daɗi. Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan da ake niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 a Boston ta Amurka an sami wani jariri ɗan asalin Najeriya da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, aka auna aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalma kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a hankali ba tare da an ga alama ba. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauke ta da wasa ba, duk da can daga dutsen zinare ta fito. Kar a sa wa jariri, kar a sa a cibiya, mai ciki ma ta haƙura ta nemi gazal na kamfani mai rajista.

Wai basilin ba kyau tunda daga fetur ake yinsa?

Tataccen basilin na kamfanin kirki ba ya cutarwa, likitoci ma suna ba masu bushewar fata da jarirai. Don faso da kaushi a hunturu da wuya ki sami abin da ya fi shi, ki shafa bayan wanka jiki da ɗan danshi.

To ni tabon ƙuraje ne ya dame ni, ba fari nake nema ba.

Wannan buƙata ce mai kyau kuma akwai hanya, sai dai tana son haƙuri, wata biyu zuwa uku kafin ki ga bambanci. Ki fara da daina matsa ƙurji da gurza fuska da soso. Ki nemi mai ɗauke da Niacinamide ko Azelaic Acid ko bitamin C daga kamfani mai rajista, guda ɗaya ki riƙe, ba duka lokaci guda ba. Sannan man kariyar rana mai SPF 30 ko sama kowace safiya, don rana ce take ƙara dafa tabo, mu baƙaƙe ma muna buƙata, kuma man kaɗe ko man karas ba sa tsayawa a madadinsa duk abin da aka gaya miki. Niƙabi da faffaɗar hula da lema suna taimakawa sosai. Mai ciki ta guji duk abin da aka rubuta Retinol ko Tretinoin ko Hydroquinone.

Kuɗina kaɗan ne Anti, me zan saya in bar sauran?

Sabulu mara kaifi guda ɗaya, man kaɗe mai kyau rabin kilo, ƙaramar kwalbar gilisarin daga kemis, in da hali man kariyar rana na fuska. Man kaɗen ki narka shi a kwano a kan ruwan zafi ba kai tsaye a wuta ba, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, ki zuba cokali uku huɗu na man riɗi ko man zogale don ya yi laushi, ki bari ya fara kamawa sannan ki buga da cokali ko muciya ƙarama har ya yi fari-fari ya tashi. Ki raba biyu, ƙaramar roba a gaban madubi babbar a rufe a wuri mai sanyi. Gilisarin ɗin ɗigo biyu uku a jiƙaƙƙen tafin hannu bayan wanka, sai man kaɗen a kai. Rabin kilon nan in ke kaɗai ce zai fitar da ke hunturu gaba ɗaya, in da yara ki sayi kilo.